Yarinyar Gidanmu Ce

Ƙarar alli a jikin ƙyauren langalanga, irin ƙiiƙ-ƙiiƙ ɗin nan mai sa haƙori tsami, ita ce mafarin komai. Ina zaune a tsakar gidanmu na Koki bayan azahar ina tsince shinkafa a faifai, sai na jiyo ta daga bakin ɗakin girki. Yayarku ce ta tsinto guntun alli a makarantarsu, ta zaunar da ƙannenta biyu a tabarma, ta yafa mayafina yana jan ƙasa, tana rubuta musu baƙaƙen boko tana cewa duk wanda ya yi surutu zai kama kunne. Ban ɗaga kai sosai ba, na ce mata harafi na uku ya juya wa 'yan uwansa baya, ta goge da yawu ta gyara. Ashe babanku ya dawo daga kasuwa cin abinci, yana tsaye a bakin soro yana kallonmu. Ya yi dariya ya ce:

"Ashe malama gare mu a gidan nan, muka bar ta tana tsintar tsakuwa a faifai."

Daga ranar bai ƙara kirana da wani suna ba sai Malama, har Allah ya karɓi ransa.

Na fara da wannan ne saboda wata magana da na san tana yawo a tsakaninku. Na ji ta a bakin ɗayanku ranar wani suna a gidan nan, an ɗauka hankalina yana wajen baƙi: wai na taɓa shiga kwaleji, babanku ya fitar da ni. Ban san wanda ya shuka ta ba, amma ta yi tsiro, kuma mutumin da ake ɗora wa ita yana kwance inda ba zai iya kare kansa ba. Ba na son in haɗu da shi gobe ƙiyama da wannan kayan a kansa alhali ina da baki na yi shiru. Babanku bai fitar da ni ba. Shi ya kai ni da kansa a bayan babur ɗinsa, ya tsaya a rana yana jirana har na gama yin rajista. Abin da ya fitar da ni daban ne, kuma shi zan ba ku labari.

Shekarar da soja suka koma bariki ce. Bangon lungunmu duk an manne shi da hotunan 'yan takara, aka yi zaɓe aka rantsar ba wanda ya ɓamɓare su, awaki ne suka cinye na ƙasa-ƙasa. Duk wanda ya buɗe baki a rediyo sai ya ce ilimin mata, ilimin mata, kamar a shekarar aka halicce mu. A cikin wannan hayaniya aka yi sanarwa cewa wata kwalejin horar da malamai da ke bayan gari ta buɗe azuzuwan Asabar da Lahadi domin ma'aikata da matan aure. Ba zan faɗi sunanta ba, don akwai mutanen kirki a cikinta, kuma ba don in tozarta kowa nake rubutun nan ba. Ni na gama sakandare kafin aurena, sakamakona mai kyau, ya yi shekaru yana kwance a ƙasan akwati tare da turaren wuta. Babanku, mai sayar da littattafan addini a kasuwar Kurmi, wanda bokonsa bai wuce firamare ba, shi ya ji sanarwar ya kawo ta gida kamar ya kawo tsaraba.

Iya, mahaifiyarsa, a lokacin gwiwoyi sun riga sun zaunar da ita, ga yanar ido. Amma bakinta lafiya lau yake. Da ya gaya mata, sai ta juyo wajen da take jin motsina ta ce:

"Ga miji, ga 'ya'ya, ga ɗinkin hula, ga kuma wanda ke cikin nan da kike tsammanin ban sani ba. Taura biyu ma ba ta taunuwa, ke kin cika baki da su."

Babanku ya ce mata kwana biyu ne kawai a mako, kuma neman ilimi ibada ne. Ta ce ta ji, ai ita ma ba ta ce haram ba ne, amma a tuna ta faɗa. Ta sa mini albarka duk da haka, ta kwance bakin zanenta ta ba ni goro ta ce in riƙa ci a aji kada barci ya kunyata ta.

Zangon farko, ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na lokacin ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Nakan yi tuwon Asabar tun ranar Juma'a da yamma, in dafa miya mai yawa, da safe a yi ɗumame, in zura hijabi in fita bakin titi in hau bas, in sauka in sake wata. Hular da nake ɗinka wa wata dillaliya nakan tafi da ita, in yi ta saka allura a cikin mota har mu isa. A aji na zauna kusa da Ladidi, wata malamar firamare daga Dukawuya, doguwa mai baki kamar reza, wadda ke koyarwa Litinin zuwa Juma'a sannan ta zo nan ta zauna a benci. Akwai masinja a cikinmu, akwai mai shagon magani, akwai dattijon da ya yi jika. Duk mutane ne da suka ajiye wani abu a gida ko a wurin aiki suka zo. Ranar da malamin Turanci ya karanta rubutuna a gaban aji ya ce a yi koyi da shi, na dawo gida ina jin kamar ba a ƙasa nake taka ba. Babanku ya sa na maimaita masa labarin har sau biyu, ya kuma je ya gaya wa Iya, ita kuma ta ce goronta ne.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku wani abu game da yayarku, don ku 'yan yanzu ba za ku gane ba. Kuna kiran ɗan farinku da sunansa a gaban surukai, kuna ɗaukar sa kuna yi masa wasa a tsakiyar mutane. Mu ba haka muka tashi ba. 'Yar fari ta dangi ce, ta kakanni ce. Uwa ba ta kama sunanta, ba ta yabonta, ba ta shiga faɗanta, ko ciwo ta ji sai dai ki ce wa wata ta duba ta. Idan baƙo ya tambaya 'yar wa ce, sai ki kau da kai wani ya amsa. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma ita ce mutuncin mace a wajenmu. Uwata a Ƙofar Na'isa haka ta yi wa yayanmu har ta rasu, kuma ita ta fi kowa kuka a ɗaki duk ranar da ya yi tafiya. Ni ma haka na yi. Da "ke" nake kiranta, ko "wannan yarinyar". Sakina sunanta. Ga shi na rubuta, tunda alƙalami ba ya jin kunya. Bakina dai har yau bai iya ba. A shekarar tana aji shida na firamare, ita ke zuwa ta ɗaya ko ta biyu, tana shirin jarrabawar shiga sakandare.

Na haifi Bashir a cikin hutu, Allah ya taimake ni na gama wanka daidai da komawa makaranta. Iya ta ce an haifa mata ango, ta yi ta yi masa kirari, amma hannunta ba zai iya riƙe shi wuni guda ba, kuma yaro ne da ba ya karɓar komai sai nono. Nisan kwalejin ba na zuwa a dawo ba ne. Dole in tafi da shi, kuma dole wani ya riƙe shi a waje, don ba a shiga aji da jariri. Wa za a tura? Aka ce yayarku ta riƙa bi na, tunda Asabar da Lahadi babu boko. Islamiyyar safe ce kawai za ta rasa, babanku ya ce zai riƙa biya mata karatun da kansa. A haka muka fara.

Akwai wata darbejiya a bayan ajinmu. Da na fara kai su wajen sai na tarar ashe unguwa guda ce. 'Yan mata ƙanana ne zaune a kan saiwoyinta, kowacce da goyo, waɗansu goyon ya kusa kai su girma. Suna 'yar carafke da tsakuwa, suna raba gyaɗa, suna jijjiga jarirai da gwiwa. Idan an fito daga darasi sai ka ga matan aure sun yo gudu-gudu, kowacce ta karɓi nata, mu zagaya bayan bangon banɗaki mu tsuguna mu lulluɓa da hijabi, don nan ne kaɗai maza ba sa wucewa. A cikin wannan warin na shayar da ɗan'uwanku watanni. Kina cikin ba shi sai ki ji an ce malam ya shiga, ki cire masa nono a baki yana kuka, ki miƙa shi ki ruga. Ina zaune a aji ina jiyo muryarsa a cikin muryoyin sauran, gaban rigata yana jiƙewa, ina rubutu ina dannewa da gwiwar hannu. Duk wannan na ɗauka, ban yi ƙorafi ba. Na ce wahalar kwana biyu ce a mako.

Sai kwana biyun suka fara yaɗuwa. Mulkin farar hula ya zo da kwamitoci da tarurruka, malamanmu da yawa aka riƙa kiran su, wannan an sa shi a kwamitin kaza, wancan yana bin wani ɗan siyasa ƙauye duk ƙarshen mako. Sai mu zo ranar Asabar mu wuni a zaune, can da la'asar shugaban aji ya miƙe ya ce malam ya aiko, ba zai samu zuwa ba, a haɗu ranar Talata da safe. Wani malamin ya ce Laraba. Wani ya ce zai yi gwaji ranar Litinin, wanda bai zo ba shi ya sani. Ba wanda ya tambaye mu. Masinjan nan ya fara samun matsala a ofis ɗinsu har ya daina zuwa. Ladidi takan bar 'yan ajinta da monita ta zo, tana cewa ita dai ta san Allah zai tambaye ta yaran mutane. Ni kuma duk ranar da aka ce Talata, yayarku ce ba za ta je makaranta ba. Da safe sai in gan ta ta ɗauko rigar makarantarta, ta dube ni, in ce "ke, yau akwai aji", ta mayar da ita kan igiya ta ɗauko zanen goyo. Ina ce wa raina wannan makon ne kawai, gobe za a daidaita.

Mun nemi a daidaita ɗin. Kada ku ɗauka mun zauna ne muka naɗe hannu. A jikin masallacin mata akwai wani ɗaki a kulle, ta taga kana hango karyayyun kujeru an jibge. Muka yi shawara mu matan da ke da goyo, Ladidi ta ce tana da wata gwaggo a Dukawuya, tsohuwa mai tsafta da ta raini 'ya'yan unguwa, za ta zo ta zauna da jariran idan an ba mu ɗakin, mu za mu share, mu kawo tabarmi, mu riƙa sallamar ta. Da haka 'yan matan nan sai su koma makarantunsu. Abu na biyu, a tsayar da darasi a ranakun da aka yi mana alkawari, in kuma dole ne a canza, a faɗa mana da wuri. Muka shiga wajen shugaban sashen, mutum mai fara'a, ya ba mu kujera, ya saurare mu har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce:

"Hajiyoyi, na ji ku, kuma wallahi na tausaya. Amma nan kwaleji ce, ba gidan raino ba. In muka buɗe wannan ƙofar, gobe sai a ce mu kawo turmi da taɓarya."

Game da ranaku kuma ya ce malamai manyan mutane ne, ƙasa na bukatar su, sai haƙuri. Da muka fito Ladidi ta ce ai da ya kawo turmin da ta daka masa sakwara ya ci ya ji abin da muke ji. Muka yi dariya don kada mu yi kuka. Ɗakin nan haka ya zauna a kulle. Daga baya wata kyanwa ta shiga ta tagar ta haihu a ƙarƙashin kujerun. Nakan tsaya in leƙa in gan ta a kwance a inuwa tana shayar da 'ya'yanta, ba mai korar ta, sannan in wuce bayan banɗaki da nawa.

Ranar da abin ya faru Talata ce, farkon damina. Darasin halayyar yara ake yi mana, malamin wani matashi ne mai ƙoƙari, bai daɗe da dawowa daga ƙarin karatu ba. Muna tsakiyar darasi hadari ya taso, iska ta fara kaɗa tagogi, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Yaran gindin darbejiya suka watse neman mafaka. Yayarku ta rugo barandar ajinmu, ta manne da bango daidai tagar da nake zaune, ta juyo da Bashir gabanta ta rufe shi da jikinta. Tsawa ta firgita shi ya fasa kuka. Ina ganin ta tana jijjiga shi, tana sa masa ɗan yatsa a baki, tana leƙo ni da ido don in san ba laifinta ba ne. Malam ya daure, ya ɗaga murya, ya gaji, ya ajiye alli ya fita. Ya dube ta, ruwa yana zuba daga ɗankwalinta, ya tambaye ta ajinta nawa, ta faɗa masa. Ya tambaya me ya sa ba ta makaranta yau Talata. Ta sunkuyar da kai. Ya dawo bakin ƙofa ya ce wa ya zo da yarinyar nan. Na miƙe. Ya ce:

"'Yar wa ce?"

Aji cike da maza, waɗansu sa'annin babana. Ban yi tunani ba, bakina ya faɗi abin da aka koya masa tun yana ƙarami:

"Yarinyar gidanmu ce."

A cikin gari duk wanda ya ji wannan amsar daga bakin mace mai kau da kai ya san abin da ake nufi. Dattijon ajinmu ya gane, na ga ya sunkuyar da kai. Amma malam bai gane ba, ko kuwa karatu ya mantar da shi. Ya ɗauka 'yar aiki ce da aka kawo mini daga ƙauye. Ya juya ga aji ya ce ga misalin abin da yake koyarwa a tsaye a baranda. Ya ce mu ne masu son zama malamai, amma mu ɗauko 'ya'yan talakawa mu hana su karatu don mu samu takarda. Ya ce da 'yar da na haifa ce da tana aji a zaune yanzu, ba zan tsayar da ita a ruwa ba. Ya yi magana mai tsawo, kuma rabinta gaskiya ce, shi ya sa ta yi zafi. Ladidi ta yunƙura za ta yi magana na riƙe mata hijabi. Me za ta ce? Ta ce 'yata ce, ya zama ni ce uwar da ta tsayar da 'yarta a ruwa? Taga a buɗe take. Duk abin da ya faɗa, da abin da na faɗa, a kunnen yarinyar nan. Bai ce ta shigo ta fake ba. Da ya gama ya ce ta matsa can ƙarshen baranda saboda kukan, ya ɗauki allinsa ya ci gaba da koya mana yadda zuciyar yaro take.

Aka tashi muka hau bas. Na karɓi Bashir, na cire mayafin da ke cikin jakata na ɗora mata a kafaɗa ina kallon taga, kamar ba ni na ɗora ba.

A makon nan hedimastan makarantarsu ya tsaya a rumfar babanku a kasuwa. Ya ce yarinya mai ƙwaƙwalwa irin wannan, fashinta ya yi yawa, an yi gwaje-gwajen share fage ba ta nan, malamin ajinsu yana ganin ba za a sa ta cikin masu zana jarrabawa bana ba. Babanku ya zo gida ya ci abinci ya wanke hannu. Sannan ya gaya mini, a hankali, kamar mai neman gafara. Sai hawaye suka zubo mini. Ya ce:

"Malama, kada ki bari. Duk ranar da aka sa aji a tsakiyar mako, zan rufe rumfa in bi ki. Ni zan zauna a gindin bishiyar."

Kuma da gaske yake. Ku riƙe wannan, ku da aka ce muku shi ya hana ni. Na hango shi da gemunsa da hularsa a kan saiwar darbejiya, a tsakiyar 'yan mata masu carafke, da jariri a cinya, ɗalibai suna wucewa suna nuna shi. Na hango rumfa a rufe, ga Iya da maganinta, ga bakuna suna jiran abinci. Iya da ke jin mu daga ɗakinta ta ce in ya yi haka, har a Kurmi sai an yi masa waƙa. Ba ta ce ai ta faɗa ba. Ta kira ni ta kama hannuna ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba.

Na koma wajen shugaban sashen ni kaɗai. Na ce ba ɗaki nake nema ba yanzu, alfarma ɗaya ce: a ɗaga mini ƙafa har in yaye yaron nan, in dawo in ɗora daga inda na tsaya. Ya ce a tsarin 'yan Asabar da Lahadi babu dakatarwa; wanda ya tafi ya tafi, in yana so ya sake nema daga farko, in akwai gurbi. Ya ce sakamakona yana da kyau, abin takaici ne, in daure mana, ai mata da yawa suna daurewa. Na so in tambaye shi da bayan wa suke daurewa, amma ba a yi mini tarbiyyar mayar wa babba magana ba. Na yi godiya na fito. Na yi istihara, na kwana biyu ina roƙon Allah ya zaɓa mini, duk da na riga na san amsar tun ranar ruwan nan. Na gaya wa babanku na bari. Ya roƙe ni, na ce na gama magana. Wannan ne karo ɗaya a zamanmu da na ƙi bin maganarsa.

Da a nan labarin ya tsaya, da na ce na sayar da nawa na sayi nata, in kwanta da daɗin rai. Amma na makara. Da babanku ya koma wajen hedimasta, an riga an tura sunayen masu jarrabawa. Yayarku ta maimaita aji shida. Ƙawayenta suka ɗinka sabon yunifom suka wuce, suna bi ta ƙofar gidanmu da safe, ita kuma ta koma ta zauna da ƙannen bayanta. Ta ci a shekara ta gaba, ta yi karatunta kamar yadda kuka sani, amma yarinyar da ke jera ƙanne a tabarma tana yi musu malanta ban sake ganin ta ba. Ban sake jin ƙarar alli a ƙyauren nan ba. Ni kuma da na yaye Bashir sai jinyar Iya ta taso, bayanta wani cikin, bayansa wani abin. Ba tsuntsu, ba tarko.

Na yarda da ƙaddara, kuma ban raina zaman da na yi a gidan nan ina rainon ku ba. Ina fatan in same shi a mizani. Amma ƙaddara daban, sakaci daban, kuma ba zan yi ƙarya in ce zuciyata ta huce ba. Su suka kira mu. Su suka ce matan aure su zo. Da wa suke tsammanin matar aure za ta zo, in ba da aurenta ba? Sun buɗe mana ƙofa sun ce mu shigo, amma mu ajiye 'ya'yanmu a waje kamar takalmi. Ba gini muka nema ba, ba mota ba. Mabuɗin ɗakin da kyanwa ke kwana muka nema, da a riƙe alkawarin Asabar ta zama Asabar, da a bar mace ta tsaya ta yaye ɗanta ta dawo ba tare da an shafe wahalarta ba. Yanzu cikinku akwai mai koyarwa a irin waɗannan wurare. Ban san yadda abin yake a yau ba, an ce an samu sauyi a wasu wuraren, Allah ya sa. Abin da nake roƙo, in ka shiga aji ka ga mace tana yawan duban taga, kafin ka yi mata wa'azi ka leƙa ka ga wa ke tsaye a wajen. Kuma in ka ɗaga darasi daga Asabar zuwa Talata, ka sani akwai wata rigar makaranta da za a mayar kan igiya.

Malamin nan na yafe masa tuntuni, yaro ne, kuma tausayin yarinyar ne ya sa shi magana, ko da yake tausayin bai kai ya ce ta shigo daga ruwa ba. Abin da ban iya ajiyewa ba shi ne safiyar Asabar ta farko bayan na bari. Ba wanda ya gaya wa yayarku, don ba a shawara da yara, ni kuma ba zan zaunar da 'yar fari in yi mata bayani ba. Na idar da sallah ina zaune da carbi, sai na ji motsinta. Ta yi wanka, ta cika gorar ruwa, ta ƙulla gyaɗa a leda, ta ɗauko zanen goyo ta tsaya a bakin ƙofata tana jira in ɗora mata shi. Na ce, ba tare da na dube ta ba:

"Ke, ajiye zanen. An daina zuwa."

Ta daɗe a tsaye. Ina jin numfashinta. Ta ninke zanen a hankali, ta sake warware shi, ta sake ninkewa. Sannan ta matso kusa da ni fiye da yadda ta saba, ta rage murya don kada Iya ta ji, ta ce:

"Umma, da kin gaya masa ni 'yarki ce, da ya bar mu mun shigo?"